Daga Bakin Tiga Zuwa Bakin Teku: Sana'ar Masu Sauraron Dabbobin Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Tiga da sassafe, sa'ad da masunta suke dawowa da kamun dare, ya san kukan ƙurungu. Da an ciro shi daga raga sai ya miƙe ƙayoyinsa, ya shiga yin ƙur-ƙur kamar mai gunaguni. Yaran Tiga da na Bagauda sun saba da kukan nan har ba su kula da shi. Amma a ce wata rana ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya yi tambaya, "Da me kifin nan yake kuka, tun da ba shi da maƙogwaro irin namu? In yana can cikin ruwa kuma, wa yake yi wa kukan?" To, yaron nan ya sa ƙafa ke nan a kan hanyar wata sana'a wadda mutane suke ci da ita a duniya, ko da yake ba a cika ambatonta a makarantunmu ba.

Sana'ar ita ce nazarin halin dabbobin ruwa da yadda suke sadarwa a tsakaninsu. Reshenta da ya fi suna shi ne na masu bin wata dabbar teku da ake kira dolfin, wadda matasanmu da yawa sun gan ta a talabijin ko a wayar hannu tana tsalle kusa da jirgin ruwa. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan ɗan Bebeji ko ɗan Doguwa da dabbar teku, alhali daga Kano zuwa Ikko tafiyar kusan kilomita 1,000 ce? Tambayar tana kan hanya. Amma in aka duba yadda ake yin aikin, za a ga jarinsa na fari ido ne, da kunne, da haƙuri, da littafin rubutu. Waɗannan kuwa ba sai a bakin teku ake samunsu ba.

WACE DABBA CE DOLFIN?

Dolfin yana kama da babban kifi, amma ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayarwa kamar saniya ko akuya. Da huhu yake numfashi, ta wata ƙofa da take tsakiyar kansa, saboda haka dole ya riƙa tasowa saman ruwa yana shaƙar iska. In ya sarƙe cikin raga ya kasa tasowa, sai ya mutu kamar yadda mutum yake nutsewa. A irin da aka fi sani, mai baki kamar wuyan kwalba, macen takan ɗauki ciki wata 12, ta haifi ɗa guda, ɗan kuwa ya bi ta shekara uku har zuwa shida yana koyon zaman duniya.

A cikin ruwa ido ba ya gani da nisa, amma sauti yana gudu ƙwarai, wajen mita 1,500 a sakan guda, watau fiye da ninki huɗu na gudunsa a cikin iska. Domin haka dolfin ya fi dogara ga kunne. Yakan fitar da wata ƙara mai sauri, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ta cikin wani kitse da yake goshinsa. Ƙarar ta bugi abin da yake gabansa ta dawo, ya karɓe ta ta muƙamuƙinsa na ƙasa, daga nan ya gane girman abin, da nisansa, da inda ya nufa. Irin dabarar da jemage yake yi ke nan cikin duhu.

KOWA DA TAKENSA

A ƙasar Hausa, in makaɗi ya kaɗa taken wani a filin dambe ko wurin gayya, ko ba a ambaci suna ba kowa ya san da wa ake. A shekarar 1965 waɗansu masana biyu a Amurka, Melba Caldwell da mijinta David, suka lura kowane dolfin yana da wani fito, watau feɗuwa, nasa na kansa wanda ya bambanta da na sauran. Ɗan dolfin yakan tsara nasa tun cikin shekararsa ta fari, yawanci kuma ya riƙe shi har tsufa. Bambancinsa da take shi ne, dolfin da kansa yake kaɗa nasa, musamman in ya rabu da garke yana neman 'yan'uwa.

A 2013 Stephanie King da Vincent Janik na Jami'ar St Andrews a Sikotlan suka ɗauki fiton waɗansu dolfin a teku, sa'an nan suka sake kunna musu shi ta lasifika a ƙarƙashin ruwa. Sai aka ga wanda aka kunna nasa fiton shi yake amsawa, in aka kunna na baƙo kuwa ya yi biris. Cikin wannan shekara kuma Jason Bruck ya nuna dolfin yana tuna fiton tsohon abokin zamansa ko da sun yi shekara 20 da rabuwa. A 2023 Laela Sayigh da abokan aikinta suka saurari uwaye 19, suka tarar kowace tana ƙara siririn murya in ɗanta yana kusa, kamar yadda mace take lanƙwasa murya in tana wasa da jinjiri.

Duk da haka masanan suna taka-tsantsan. Ba su ce dolfin yana da harshe irin na ɗan Adam ba. Abin da suka auna suka tabbatar shi kaɗai suke faɗi, wannan hali kuwa shi ne abu na fari da mai son sana'ar zai koya.

YADDA AKE YIN AIKIN

Binciken dolfin na cikin teku da ya fi kowane daɗewa a duniya yana Sarasota, a jihar Filorida ta Amurka. An fara shi a 1970. A cikin waɗanda suka fara akwai wani yaro ɗan shekara 16, ɗalibin sakandare mai suna Randall Wells, wanda ya je aikin sa kai yana taimakon wani masani, Blair Irvine. Yaron nan shi ne daga baya ya yi digirin dakta, ya shugabanci aikin shekaru masu yawa. Dolfin wajen 170 ne suke zaune a ruwan Sarasota, ma'aikatan kuwa sun san kowane da uwarsa da kakarsa. Wata da suka sa wa suna Nicklo ta kai shekara 67.

Yaya suke gane su? Kamar yadda Bafulatani yake gane shanunsa ɗaya-ɗaya ta ƙaho da zane. Fiffiken da yake bayan dolfin yakan sami tsaga da tabo, na kowane kuwa dabam ne. Ma'aikata sukan fita da ƙaramin jirgi tun da asuba, in sun ga garke su ɗauki hoton fiffike, su rubuta wuri, da lokaci, da wa yake tare da wa, da abin da suke yi. Su saka na'urar ɗaukar sauti cikin ruwa. Wata rana a yini cikin rana da iska ba a ga kome ba. In an koma gida, sai a zauna gaban kwamfuta ana gwada hoto da hoto, ana sauraron fito bayan fito, ana lissafi. Zaman nan ya fi fitan jirgi cin lokaci nesa ba kusa ba.

Da irin wannan naci aka gano a Shark Bay ta Ostareliya, tun 1984, waɗansu dolfin suna sa soson teku a baki domin kada su ji rauni sa'ad da suke tonon ƙasan ruwa, uwa ce kuma take koya wa 'ya'yanta, galibi mata. Da shi kuma Denise Herzing ta tara sauti da hotuna a tsibiran Bahamas tun 1985. A watan Afrilu na 2025 kamfanin Google ya sanar da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna DolphinGemma domin tantance sautin dolfin, abin da aka horar da ita da shi kuwa, tarin shekara 40 ne na aikin Herzing da mutanenta. Da yayyafi kogi kan cika. Bari 'yan matanmu kuma su lura da sunayen da muka ambata, gama da yawa cikin manyan wannan fanni mata ne.

NAMU NA GIDA

Yanzu mu komo ga ƙurungu. Kukansa yana fitowa ne daga gindin ƙayar da take gefen ƙirjinsa, wadda yake gogawa a cikin gurbinta na ƙashi. Ba shi kaɗai ne mai magana a ruwayenmu ba. Kifin nan da masunta suke kira ɗan sarki ko yauni ya buɗe wa kimiyya wata ƙofa sabuwa. Wani masani a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Hans Lissmann, ya yi mamakin yadda kifin yake iyo da baya ba tare da ya yi karo da kome ba. A 1951 ya bayyana cewa kifin yana fitar da wutar lantarki mara ƙarfi daga jelarsa, wajen sau 300 a sakan guda. Minjirya tana amfani da tata wutar ne domin bugu, amma a 1958 Lissmann da Kenneth Machin suka nuna ɗan sarki da tasa yake gane abin da yake kewaye da shi cikin ruwa mai laka. Daga baya Carl Hopkins na Jami'ar Cornell ya yi aiki a kogunan Gabon a kan dangin miligi, kifayen nan masu dogon baki, ya nuna da irin wannan wuta suke gane jinsinsu, suna kuma bambanta namiji da mace. Kakanninmu sun yi shekaru aru-aru suna cin waɗannan kifaye, amma sai da wani ya tsaya ya yi tambaya aka san abin da suke yi.

Sai ayu, wanda kowa ya ji labarinsa amma kaɗan ne suka gan shi. Shi ma dabba ce mai shayarwa, ciyawa yake ci, yana zaune a Kogin Kwara da Binuwai da tafkin Pandam a Jihar Filato. Farauta saboda namansa da mansa ta rage shi ƙwarai. Sai a 2021 aka fara buga cikakken bayanin kukan ayun Afirka, daga sautin da aka ɗauka a tafkin Ossa na Kamaru. Cikin masu aikin akwai Aristide Takoukam Kamla, ɗan Kamaru wanda ya yi karatu a Jami'ar Dschang, can kan tsaunuka nesa da teku, sa'an nan ya yi digirin dakta a Filorida, ya komo gida. A 2024 aka ba shi kyautar Whitley a Ingila saboda aikin kare ayu. Wannan maƙwabcinmu ne, ba Bature ba.

Afirka ta Yamma tana kuma da nata dolfin, mai ɗan tozo a baya, wanda ba a samunsa ko'ina sai daga gaɓar Yammacin Sahara zuwa Angola. Yana zama a ruwa mara zurfi kusa da gaɓa, daidai inda masunta suke shimfiɗa raga. Masana sun ƙiyasta waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba, a 2017 kuma hukumar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da suke dab da ƙarewa. A Nijeriya, shaidar samuwarsa da aka buga a wannan shekara ta fito ne daga waɗanda aka kama wajen tsibirin Brass a Jihar Bayelsa. Ga dolfin na Sarasota an san kakanninsa, namu kuwa yana ƙarewa ba a gama ƙirga shi ba.

A Muritaniya, masuntan Imragen sukan bugi ruwa da sanda, dolfin su zo su koro musu kifi zuwa gaɓa, kowa ya sami rabonsa. Wani masani Bafaranshe, René-Guy Busnel, ya rubuta labarin a 1973. Yau al'adar ta kusa shuɗewa. Da ba a rubuta ba, da ta tafi tare da tsofaffin da suka san ta.

HANYAR SHIGA

Matakin fari yana sakandare. Ɗalibi ya ɗauki ajin kimiyya, ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Kada ya raina Lissafi da Fiziks, gama sauti da wutar lantarki nasu ne, ƙidayar dabbobi kuma lissafi ce. Jihar Kano tana da makarantun kimiyya, irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa waɗanda aka buɗe a 1977.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai son teku kai tsaye, akwai sashen kimiyyar teku a Jami'ar Ikko, da fannin nazarin teku a Jami'ar Kalaba da Jami'ar Fasaha ta Akure. Akwai kuma Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya, watau NIOMR, wadda aka kafa a Ikko a 1975. Wanda ba shi da halin tafiya nesa, Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna koyar da ilmin kifi da kiwonsa, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ilmin dabbobi. A New Bussa ta Jihar Neja akwai cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji da aka fara a 1968, da kwalejin tarayya mai ba da difloma a wannan fanni. Digirin fari a ilmin dabbobi ko na kifi ya isa ya kai mutum ga digiri na biyu a fannin teku, a gida ko a waje. Mai son ya zama mai bincike sosai, sai ya yi shirin kaiwa digirin dakta, ya iya rubuta Turanci mai kyau, ya iya sarrafa alƙaluma da kwamfuta, ya kuma iya iyo.

GASKIYA ƊAYA CE

Ba za mu ruɗi yaranmu ba. Guraben aikin binciken dolfin kaɗan ne ko a Turai da Amurka, masu nema kuwa suna da yawa. Yawancin aikin da kuɗin tallafi ake yinsa, wanda sai an rubuta an nema, a samu bana a rasa baɗi. Da yawa sukan fara da aikin sa kai. Wanda yake neman arziki na gaggawa, ba nan ne wurinsa ba.

Amma karatun ba ya zama asara. Mai wannan ilmi yana iya koyarwa, ko ya yi aiki a sashen kifi na ma'aikatar gona, ko a hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are wadda take kula da Tiga, ko a ƙungiyoyin kare muhalli, ko ya kafa gonar kifi tasa. Nijeriya tana sayo kifin ƙanƙara mai yawa daga waje kowace shekara, saboda haka mai sanin ƙyanƙyasar tarwaɗa da karfasa ba zai rasa abin yi ba.

Tambayoyi kuma suna nan a ƙofar gida suna jiran mai amsawa. Kogin Kano yana gangarowa daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya zuba cikin Tiga. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta kuwa ya shimfiɗu wajen murabba'in kilomita 178. Mutanen Kiru suna maƙwabtaka da madatsar Challawa ta Karaye, wadda aka gama a 1992. Madatsun nan sun kawo noman rani da ruwan sha, amma sun rage ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a can. Me raga mai ƙananan idanu take yi wa 'ya'yan kifi? Me maganin feshi na gona yake yi in ruwan sama ya wanko shi? A wane lungu ragon ruwa yake zuba ƙwai, a wane wata ya kamata a ɗaga masa ƙafa? Abincin gidaje masu yawa yana rataye a kan amsar waɗannan, sai kuwa mai aunawa shekara da shekaru ne zai iya ba da ita.

A FARA TUN YAU

Ya kai matashi, nemi littafin rubutu guda ka keɓe shi. Je ka gai da Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, ka nemi izini ka riƙa zama wurin da ake sauke kifi sau ɗaya a mako. Rubuta kwanan wata, da sunan kowane kifi da Hausa, da tsawonsa, da irin abin da aka kama shi da shi, ko birgi ne, ko taru, ko ƙugiya. Rubuta ko ruwa ya cika ko ya janye, ko mai laka ne ko garau. In kana da waya, ɗauki hoto, ɗauki kukan ƙurungu. Tambayi dattawa kifin da suke gani dā wanda ba su gani yanzu. Abin da ka gani da idonka ka rubuta shi dabam, abin da aka gaya maka dabam. In ka yi shekara biyu kana haka, kana riƙe da abin da malamin jami'a zai so ya gani. Aikin da Randall Wells ya fara da shi bai fi wannan ba.

Sai dai ruwa ba abin wasa ba ne. Kada yaro ya shiga kwale-kwale ba babba, ba rigar kariya. A koyi iyo a hannun wanda ya iya. A kuma guji tsayawa cikin ruwan da yake kwance a gefen gona, gama nan ake ɗaukar tsargiya, wanda ya ga jini a fitsarinsa kuwa ya je asibiti.

Ku malamai, Tiga da Bagauda ba su da nisa. Darasin Bayoloji guda a bakin ruwa ya fi goma a kan allo. Ku iyaye kuma, in yaro ko yarinya ta cika tambaya a kan kifi da kwaɗi da tsuntsaye, kada a ce shiririta ce. Ƙasa tana bukatar likita da lauya, tana kuma bukatar wanda zai gaya mata halin da ruwanta yake ciki. Watakila cikin yara ɗari ɗaya ne zai kai teku ya saurari dolfin, amma sauran da suka tsaya gida suka san Tiga ciki da bai, ba su yi asara ba, mu ma ba mu yi ba. Allah ya ba yaranmu kunnen ji da haƙurin koyo.